Baƙin Komin da Duna Ya Ja

Ku dai samarin nan dariya kuke ba ni. Mutum ya zo ya tsaya bakin rumfata, hannu cikin aljihu, ya ga na dangwala wuta a ƙarfe tartsatsi ya tashi, sai ya ce, "Baba Ilu, ai wannan cikin sati guda zan iya." Za ka iya mana. Liƙa ƙarfe da ƙarfe, ko akuya aka miƙa wa sandar walda za ta liƙa. Abin da ba za ka iya cikin sati ba shi ne ka dubi jaki ka san abin da bayansa zai ɗauka. Aikina ke nan a Magarya tun gashin kaina yana baƙi: ƙera shasin amalanke, wato ƙashin ƙarfen nan na ƙarƙashi da tayoyi da katako da kaya duk suka dogara da shi. Kuma tunda kun cika mini kunne da motocin tseren da kuke kallo a waya, masu shasin zare, kuna ganin tsoho bai san zancen ba, to ku sami wuri ku zauna. Na taɓa abin da hannuna, har ƙaiƙayinsa na sha.

Amma bari in fara daga inda na fara. Amalanken farko da na sa wa hannu a Damagaram ne, a rumfar maigidana Malam Habu, Allah ya jiƙansa. Na ce na sa hannu, amma hannun nawa riƙo kawai ya yi. Na daɗe a wurin ban taɓa injin walda ba. Ɗauko, ajiye, riƙe nan, miƙe wancan da guduma, je ka sayo shayi. Ranar da na saci kallon wutar ba gilashi, don in ga yadda yake tafiyar da hannunsa, na wuni washegari idanuna kamar an zuba musu yashi da barkono. Da na zo aiki ina lalube, ko sannu bai ce mini ba. Cewa ya yi, "Madalla, yanzu ka gaisa da ita."

Malam Habu yana da wata ɗabi'a da masu saye suka tsana. In mutum ya zo da kuɗinsa ya ce a ƙera masa amalanke, tambayar farko ita ce, "Ina mai ja?" In ba ka zo da jakinka ba, koma ka zo da shi. Sai ya ɗauko igiya ya auna ƙirjin jakin, ya auna tsayinsa daga doro zuwa ƙasa, ya shafa bayansa ya ji inda tsohon gyambo yake, ya sa a yi tafiya da shi ya ga ƙafar da yake ragawa. Sannan ya ƙulla igiyar a wuraren da ya auna, ya rataye ta. Da ita za a yanka hannayen amalanken, sandunan nan biyu da jaki ke shiga tsakaninsu. Wani Alhaji ya taɓa ce masa, "Ni zan biya ko jakin?" Ya ce, "Kai za ka biya yau, Alhaji. Shi kullum zai biya." Har yanzu haka nake aiki, ga igiyoyina can a rataye, ku daina ɗaure mini akuya da su.

Kayan aikin ba su da yawa, kun gan su. Injin walda da gurup ɗin da ke ba shi wuta in ta gari ta ɗauke, injin yanka, guduma babba da ƙarama, bayis mai riƙe ƙarfe, da gilashin da kuke ara kuna ɗaukar hoto da shi. Ƙarfen kuwa duk tsoho ne. Aksul, wato sandar da tayoyi ke juyawa a kanta, daga matacciyar mota muke ciro shi. Sauran bututu ne da ƙarfen kwana. Wahalar ba a haɗawa take ba, a sanin inda aksul zai zauna take. Ka kai shi baya da yawa, nauyi duk ya sauka a doron jaki, wata guda ya yi gyambo. Ka kawo shi gaba da yawa, a loda buhunan gyaɗa, sai ka ga jaki a sama yana harbin iska, mai shi yana salati. Na ga wannan da idona a kasuwar Mallawa, kuma alhamdu lillahi ba aikina ba ne.

Masu sayenmu kuwa nauyi suke saye. Mutum zai zo daga Kwaya ko Dungas, ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa shasi ya kasa kunne. Sannan ya kama hannun amalanken ya ɗaga. In jijiyar wuyansa ta fito, sai ya washe baki ya ce, "Yawwa, wannan ƙarfe ne!" In ya ɗagu da sauƙi, sai ya dube ka kallon ɓarawo. Na sha yi musu bayani cewa kowane ƙarfen da na ƙara, jakinsu ne zai ja shi safe da yamma ko da kaya ko babu. Ina! Kamar da bango nake magana. Sai na riƙa yi musu abin da suke so, in rage inda ido ba ya gani.

To, baƙin komin nan. Sale mai tsofaffin ƙarafa, wanda ke kawo mini aksul daga Kano, shi ya zo da shi. Cikin kayan motocin da suka yi haɗari a ƙasashen waje aka yanka aka turo, an yi amfani da shi kamar akwati, an cika shi da notuna da sifirin. Da aka kwashe kayan sai ga abu baƙi ƙirin, mai sheƙi, da faɗin da mutum biyu za su kwanta ciki, gefensa da tsayi kamar komin ban ruwan shanu. In ka matsa kusa sai ka ga saƙa a jikinsa, ƙanana-ƙanana, kamar tabarma a ƙarƙashin gilashi. Sale ya manna masa maganaɗisu, ya faɗo. Ya ɗora shi a sikeli, allura da ƙyar ta motsa yadda yake so. Shi kuwa da kilo yake cin abinci. Ya tsaya yana kallonsa kamar wanda aka ba kyautar kare. Ya ce, "Ilu, ba ƙarfe ba, ba alminiyam ba, ba roba ba. Ajiye shi nan, in ka ga mai so ka ba shi ko don Allah."

Ni da na ce na san ƙarfe, sai na ce bari in gwada shi. Na kafa masa waya na dangwala sandar walda. Kai! Tartsatsi ya yi, ya yi hayaƙi mai warin da ya kori mai shayin da ke gefena, amma ko alamar narkewa. Na ce to, ba ka san ni ba. Na ɗauko injin yanka na ɗan ci gefensa. Baƙar ƙura ta tashi ta bi hannuwana da wuyana. Wallahi kwanakin nan ko a sahun salla susa nake, har liman ya tambaye ni ko ƙaiƙayin gero na shiga. Na ja shi gefe, kajina suka mayar da shi wurin ƙwai.

Wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, da ya kawo jakin motonsa, ƙarfen nan da ake tokare babur da shi, in liƙa masa, shi ya warware mini. Ya zagaya abin, ya ɗauki hotonsa, ya yi ta latse-latse a waya, can sai ya cire hula ya riƙe. Ya ce, "Malam Ilu, ka san abin da kajinka ke ƙwai a ciki? Shasin motar tsere ne, irin waɗanda kuɗin guda ɗaya zai saye shanun kasuwar garin nan." Ya nuna mini yadda ake yi. Zaren karbon ne, siriri, gashin kai ma ya fi shi kauri. A saƙa shi kamar yadi, a jiƙa shi da wani irin gam, a shimfiɗa cikin mazubi falle kan falle, wannan zarensa ya dubi gabas, na kansa ya dubi arewa, na kansa ya gicciya, don ƙarfinsa a tsawon zaren yake. Masu aikin da safar hannu suke, ɗakin ko ƙura babu. Sannan a naɗe shi cikin leda a zuƙe iskar tas, a tura shi wani ƙaton tanda mai zafi da matsi, ya gasu. In ya fito ya zama abu guda, ba ɗinki ba walda. Direba a cikinsa yake zama, inji da tayoyi kuma a ɗaura su gaba da baya. Ya nuna mini wasu guntayen ƙarafa masu ramin noti da aka binne cikin jikinsa, ya ce nan kaɗai ake kama shi. Ya ce kada in ƙara huda shi, kuma kada in shaƙi ƙurarsa.

Na ce, "Wato masaƙa ne suka ƙwace mana sana'a."

Ya ce, "Masaƙa da masu gashin burodi."

Ya koya mini abu guda da na riƙe. Ƙarfe in ya gaji lanƙwashewa yake, ya ba ka labari tun da wuri. Wannan ba ya lanƙwasa, ciwonsa a ciki yake ɓoyewa. Sai ka bi shi da ƙwandala kana ƙwanƙwasawa. Inda yake lafiya za ka ji kas-kas, inda fallayen suka rabu za ka ji dib. Na bi shi duka, na sami wuri guda a gefen hagu, inda motar ta daku, na shafa masa jan fenti. Daga nan na mayar wa kaji ɗakinsu.

Sai mummunar shekarar nan ta zo. Ruwa ya ɗauke gero yana bununi, wake bai yi harawa ba, kara ma da ake tarawa bai taka kara ya karya ba. Tun sanyi bai gama fita ba dabbobi suka fara nuna haƙarƙari. Masu sayen jakuna don fata suka cika kasuwanni, kowace ranar kasuwa ka ga an kora garke an nufi iyaka. Ni kuwa aiki ya tsaya cik. Wa zai sayi amalanke ba mai ja? Abin da nake samu bai wuce liƙin murhu da ƙafar kujera ba. Gurup ɗina har gizo-gizo ya yi masa gida.

Cikin wannan hali Baba Nomau ya zo. Dattijo ne daga wani ɗan ƙauye a hanyar Yekuwa, in ka fito bayan asuba da hantsi kana Magarya. 'Ya'yansa maza sun tafi ci-rani, shi da tsohuwarsa da jikoki suka rage. Rijiyar garinsu ta ƙafe, sai wata mai nisa, kuma da jakinsa Duna yake ɗebo ruwan gidan, ya sayar da ɗan abin da ya ragu su sayi tiyar hatsi. Amalankensa ni na ƙera shi shekarun baya, irin mai fito da jijiyar wuya, don haka ya ce yana so a lokacin. Yanzu ga shi ya shigo yana tura amalanken ta baya, Duna yana gaba yana tangaɗi, ba komai a kai.

Ya zauna, ya sha ruwa. Can ya ce, "Ilu, masu fata sun taya shi."

Na ce, "Ka sallama?"

Ya ce, "A hannuna aka haife shi. Uwarsa ma tawa ce. In na sayar da shi, da kan wa za a ɗauko ruwa? Kuma in bai daina jan wannan ƙarfen ba, ba zai ga ciyawa ba. Rage masa wani abu, don Allah. Ko me za ka cire, cire."

Na duba amalanken. Ko na cire rabinsa, rabin da ya rage ya fi ƙarfin Duna. Tausayi ya kama ni, ba na ɓoye muku. Ina tsaye ina susar ƙeya sai kaza ta yi kyarkyara cikin baƙin komi. Na ce, "Baba, zo ka ɗaga wannan."

Ya kama gefe guda, na kama guda, muka ɗaga kamar gadon kara. Ya sake shi da sauri ya goge hannu a riga. Ya ce, "Haba Ilu! Ina cikin wahala kana mini wasa? Wannan ai ƙwarya ce."

Na hau ciki na yi tsalle. Na kira mai shayi, wanda kun san girmansa, shi ma ya hau muka yi ta tsalle kamar yara. Ko ƙara bai yi ba. Baba Nomau ya ɗauki dutse zai ƙwanƙwasa irin yadda ya saba, na riƙe hannunsa na ba shi ƙwandala.

Aikin nan shi ne mafi daɗi da na yi a rayuwata, kuma walda a cikinsa ba ta da yawa. Na auna Duna da sabuwar igiya, don tsohon awonsa ya yi masa yawa, abin tausayi. Na samo ƙafafun a-daidaita-sahu da siririn aksul. Na ƙera ɗan ƙaramin firam na bututu wanda ramukansa suka yi daidai da guntayen ƙarafan da aka binne, na ɗaure da noti, ban huda ko'ina ba. Hannayen na yi su sirara, matsattsu, daidai ƙirjin Duna. Wurin zaman aksul ya ba ni wuya, don komin ba nauyin da na saba lissafi da shi. Sai da muka yi ta cika jarkoki muna lodawa muna saukewa, ina matsar da shi kaɗan-kaɗan, har na kai inda in ka sa yatsa biyu ƙarƙashin hannun amalanken za ka riƙe shi da kayansa. Na nuna wa Baba Nomau jan fentin na ce nan ba a ɗora komai. Ya bar mini tsohon amalankensa, muka rabu a kan haka.

Ranar da aka ɗaura wa Duna, ya sunkuyar da kai ya tattara ɗan ƙarfinsa ya fizga yadda ya saba, sai ya kusa kifawa. Ya tsaya ya waiwaya baya. Wallahi waiwayawa ya yi, yana duba ko an manta ba a ɗaura ba. Duk layin nan aka fashe da dariya. Suka kama hanya, mutane na binsu da tsiya: "Baba, ina za ka da kwanon wanka?" "A sauka lafiya, direba!" Shi kuwa ya ja rawani ya rufe fuska.

Na ɗauka na gama taimako. Ashe ban san garinsu ba, ko in ce na manta garinmu.

Ba a yi wata biyu ba sai ga shi ya dawo. Duna ya fi da rama. Na ce, "Subhanallahi! Komin ne ya fashe?"

Ya ce, "Lafiyarsa lau. Shi ne ma matsalar. Ilu, so nake ka ƙara masa ƙarfe."

Na ce, "Na'am?"

"Ka liƙa masa ƙarfe. Mai nauyi. Ya koma kamar na kowa."

Sai da na zaunar da shi ya yi mini dalla-dalla. Rabin garin sun sayar da jakunansu. Waɗanda ba su sayar ba, nasu ba sa iya jan amalanken ƙarfe cikin yashi. Amalanke guda ne ke zuwa rijiya ya dawo, na Baba Nomau. Waɗanda suka yi masa dariyar kwanon wanka su ne suka fara sallama. Kun san mu, ba a hana aron amalanke. Kuma wanda ya sayar da jakinsa, in ya ari amalanke me zai ɗaura? Sai ya ara da mai ja. Masu jakin ma sai su ce hannayen sun matse wa nasu, daidai Duna aka yi. Kun ji inda igiyar Malam Habu ta kai mu. Da can Duna sau ɗaya yake zuwa rijiya. Yanzu kafin ya huce wani ya yi sallama. Babban mai aron maƙwabcinsa ne, wani Tanimu, mai baki kamar zuma, wanda in ya gaishe ka sai ka ji kamar kai ne ka zo aro.

Na ce, "Baba, ka ce a'a mana."

Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. Ya ce, "Tanimu fa? Ubansa ne ya yi wa ubana wankan gawa. In ce masa a'a a kan ruwan sha? Da wane bakin? Amma in amalanken ya yi nauyi, su da kansu za su ga ba ya jawuwa, su bari. Ba wanda ya ji kunya."

Na ce, "Kai kuma da me za ka ɗebo naka ruwan?"

Bai kai nan a lissafinsa ba, kunyar kawai yake gudu.

Raina ya ɓaci, na kuma rasa da wa zan yi faɗa. Na ce ƙarfe dai ba zan ƙara ba, abin ma ba ya karɓar walda, ga tabon gwajina. Amma ni ba garinku nake ba, ba wanda ubansa ya yi wa ubana wanka. Je ka ce musu komin nawa ne, aro na ba ka, kuma na rantse in aka wuce zuwa ɗaya a rana zan zo in ƙwace abina. Ka ce ni mugun mutum ne. Ka ƙara gishiri yadda kake so.

Ya ji daɗin wannan ƙwarai. Ya je ya ƙara gishiri har ya yi yawa, don har yau akwai matan garin da in sun gan ni a kasuwa sai sun kau da kai. Dabarar ta yi aiki 'yan kwanaki. Daga nan Tanimu ya zo masa da goro, ya zauna, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ce, "Ai mai waldan nan yana Magarya, Baba. Wa zai gaya masa? Zuwa ɗaya tak, yara tun jiya ba su sha ba." Kuma gaskiya ne, yaran ba su sha ba. Abin da ya sa maganar ke da wuya ke nan, ba wanda ke aro don jin daɗi. Labari ya riƙa zuwa mini ranar kasuwa: Duna ya durƙusa a hanyar rijiya an ɗaga shi. Duna ya ƙi cin dusa. Baba Nomau yana raba kunun safensa biyu, rabi nasa rabi na Duna. Masu fata sun sake zuwa har gida, sun rage tayi. Ga gajimare yana taruwa da yamma yana watsewa.

Wata ranar Laraba da hantsi ina liƙin wata tukunya sai na ji layin ya yi tsit, sannan aka fara sowa. Na ɗaga gilashi. Baƙin komi ne ke tahowa daga hanyar Yekuwa, a hankali. Tsakanin hannayen amalanken, inda na auna wa Duna, mutum ne. Tanimu ne, ya karkace don wurin ya matse masa, ya rataya igiyar ƙirji a kafaɗa, gumi ya jiƙa shi har wando. Mutum uku suna turawa ta baya. Cikin komin Baba Nomau ne kwance kan tabarma, an kare masa rana da zane. Can baya kuma, ba igiya ba komai, Duna ne ke biye da su, yana tafe yana tsayawa.

Na yar da abin hannuna na tare su. Ashe ciwon ciki ne ya murɗe tsohon tun asuba, ba ya iya miƙewa balle ya zauna a moto, za a kai shi likita, wato asibiti. Da suka kinkimo shi suka sa a komi, Tanimu ya je ya kwanto Duna. Tsohon da bai taɓa ce wa kowa a'a ba, yana nishi ya ɗaga hannu ya ce, "Ba shi ba. In shi zai ja ni, ku mayar da ni ɗaki." Suka yi lallashi, suka yi faɗa, ya ce ya gama magana. Suka dubi juna. Sai wani ya kama hannun amalanken ya ji ya ɗagu da tsohon a ciki. Shi ke nan.

Ni ban san wannan ba tukuna, kuma bakina ba ya ƙyale abu. Na ce, "Tanimu, ina mai ja?"

Yana haki ya ce, "Ga mu nan, Malam Ilu. Ka auna."

Ya sauke igiyar, na ga inda ta ci masa kafaɗa ta yi ja. Ya shafa wurin, ya waiwaya ya dubi yashin da suka keto, ya dubi Duna. Ya ce, a hankali, ba da ni yake ba, "Ashe haka hanyar nan take."

Baba Nomau ya yaye zanen. Fuskarsa ta yi fari, leɓɓansa sun bushe. Na sunkuya na ce, "Sannu Baba, likita ga ta nan kusa, yanzu za a kai ka." Ya kama rigata ya jawo ni. Na kai kunne, ina zaton wasiyya ce.

Ya ce, "Ilu, ba shi ruwa."

Bokiti guda gare ni a rumfa. Na cika shi na ajiye gaban Duna. Ya sa baki yana sha, a hankali, irin shan jaki da ba ya gaggawa. Ƙarti huɗu suna tsaye cikin rana, maƙogwaro a bushe, suna kallonsa. Ba wanda ya miƙa hannu sai da ya ɗaga kai.

Tsohon ya yi kwanaki a likita ya tashi. Kafin ya koma gida, mazan garin sun riga sun raba wa kansu kwanakin zuwa rijiya, su biyu-biyu a hannun komi. Duna kuwa ba a sake ɗaura masa komai ba sai da ya ci ɗanyar ciyawa.